Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Ƙananan Finafinan Holiwud

Tsakanin farkon shekarun 1930 da tsakiyar shekarun 1950, kamfanonin shirya finafinai na Amurka suna fitar da ɗaruruwan finafinai a kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu ba irin waɗanda ake cika gari da tallarsu ba ne. Ƙanana ne, marasa kala, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, a nuna su na ɗan lokaci, sannan a kawo wasu. Amsoshin da ke biye sun haɗa tarihin yadda aka yi su da ra'ayi a kan waɗanda suka cancanci mutum ya zauna ya kalla, domin ba dukansu ne suka cancanta ba.

Waɗanne finafinai ne ake kira ƙanana a wancan zamani?

Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, mutane sun rage zuwa sinima saboda rashin kuɗi, sai masu gidajen sinima suka shiga neman dabarar da za ta dawo da su. Wadda ta fi karɓuwa ita ce a nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 yawancin gidajen sinima na ƙasar sun rungumi wannan tsari. Fim ɗin da ake talla da shi, mai manyan jarumai, shi ake kira A, na biyun kuma B, wanda aikinsa shi ne ya cika shirin daren. Tsawonsa yakan kama daga minti 55 zuwa 75, labarinsa kuma ba ya wuce na kaboyi, ko na 'yan fashi da 'yan sanda, ko na ban tsoro, ko na barkwanci, ko na jami'in bincike da ke neman wanda ya yi kisa.

Me ya sa manyan kamfanoni suka damu da yin su, alhali suna da kuɗin yin manya?

Dalilin farko shi ne ribarsu tabbatacciya ce. Babban fim ana bayar da shi haya ne a kan kaso daga kuɗin tikiti, saboda haka yana iya kawo dukiya, yana kuma iya jawo asara. Ƙaramin fim kuwa kuɗin hayarsa a yanke yake tun kafin a nuna shi, ko gidan ya cika ko bai cika ba, don haka furodusa ya san abin da zai samu, aikinsa kawai shi ne kada ya kashe fiye da haka.

Dalili na biyu shi ne yadda kasuwar take a tsare. Kamfanoni biyar, wato MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century-Fox da RKO, su ke yin fim, su ke rarraba shi, kuma suna da gidajen sinima na kansu. Mai gidan sinima mai zaman kansa da ke son fim ɗin wani babban jarumi, dole ne ya karɓi tarin wasu finafinan kamfanin a dunƙule, har da waɗanda ba a ɗauka ba tukuna. Ga kuma ma'aikata da ake biya albashi duk mako, daga kafintoci da teloli har zuwa matasan 'yan wasa, waɗanda bai dace a bar su zaune ba. Shi ya sa kowane babban kamfani ya ware sashe na ƙananan finafinai, kamar wanda Bryan Foy ya riƙe a Warner da wanda Sol Wurtzel ya riƙe a Fox.

Su wane ne ƙananan kamfanonin da ba su yin komai sai irin waɗannan?

Su ne ake yi wa laƙabi da Poverty Row, wato layin matalauta, saboda da yawansu sun fara ne a ƙananan ofisoshi a kewayen titin Gower da ke Holiwud. Uku ne suka fi suna a cikinsu, kuma su ma ba ɗaya suke ba. Republic, wanda Herbert Yates ya kafa a 1935 ta hanyar haɗe wasu ƙananan kamfanoni da yake bi bashin wankin fim, shi ne mai hali a cikinsu, kuma aikinsa ya fi tsabta, musamman wajen sukuwar dawaki da faɗa da fashewar abubuwa, inda 'yan'uwa biyu, Howard da Theodore Lydecker, suka ƙware wajen ƙera ƙananan motoci da gine-gine su tarwatsa su a gaban kyamara. Monogram na tsakiya ne: ɗakuna biyu ko uku, hira mai yawa, da jerin finafinai masu maimaita jarumi ɗaya. PRC, wato Producers Releasing Corporation, shi ne na can ƙasa, inda sau da yawa ake gama fim cikin mako guda, kuma darakta ɗaya, Sam Newfield, ya yi musu finafinai da yawa har sai da ya riƙa sa hannu da sunayen aro, Sherman Scott da Peter Stewart, don kada masu sinima su gane cewa mutum ɗaya ne ke yin aikin duka.

Yaya ake iya gama fim cikin kwanaki kaɗan haka?

Ana iyawa ne ta hanyar rowa a kan komai. Ba a maimaita ɗauka sai in kuskuren ya yi muni, kuma William Beaudine, wanda ya yi wa Monogram finafinai masu yawa, ya yi suna a kan haka. Ba a gina sabon ɗaki in akwai wanda wani fim ya bari. Idan ana son a nuna mutane cikin mota, sai a ajiye gangar motar a cikin ɗakin ɗauka, a haska hoton titi a kan farin allo ta bayansu. Idan ana son gobara ko yaƙi ko garken namun daji, sai a yanko daga tsohon fim a liƙa. Fashin motar kuɗi da ke cikin Dillinger na 1945, alal misali, daga wani fim na Fritz Lang na 1937 aka ɗebo shi. Finafinan kaboyi kuwa kusan wurare ɗaya suke zagayawa a jihar Kalifoniya, irin su gonar Iverson da duwatsun Lone Pine da kwazazzabon Bronson, har mai yawan kallo yakan gane dutsen da ɓarayi za su yi kwanton ɓauna a bayansa tun kafin su iso.

Babbar dabarar, wadda ita ce ta haifar da mafi kyawun waɗannan finafinai, ita ce duhu. Bangon da ba a haska ba, ba sai an yi masa fenti ba, titin da hazo ya rufe kuma ba sai an gina shi ba. Darakta marar basira yakan haska komai tas, sai talaucin ya fito fili, a ga ƙofar kwali tana rawa idan an rufe ta. Mai basira kuwa yakan kunna fitila ɗaya daga gefe, ya bar sauran ga tunanin mai kallo.

Shin suna da kyau da gaske, ko tsufa ne kawai ya sa ake yabonsu?

Gaskiyar magana ita ce yawancinsu ba su da kyau. Wanda ya ɗauki finafinan Monogram ko PRC guda goma ba tare da zaɓe ba, zai tarar da mutane tsaye a jere suna karanto magana, da barkwancin da ya daina ba da dariya tun tuni, da kiɗan da bai dace da abin da ake nunawa ba. Iya kuɗinka iya shagalinka. Sai dai akwai wani abu da har marasa kyawun suke da shi, wato sauri: ba su da lokacin kewaye-kewaye, cikin minti biyar an san wane ne wane, kuma an san abin da ake rikici a kai. Akwai kuma 'yancin da rashin kulawa ke bayarwa. Manyan kamfani suna sa ido sosai a kan fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan, amma ba wanda ke leƙa na dala dubu ɗari, muddin bai wuce kasafinsa ba. A cikin wannan 'yar ƙofa ne wasu daraktoci suka yi aikin da har yau ake koyarwa a makarantun fim, kuma Jean-Luc Godard na Faransa ya sadaukar da fim ɗinsa na farko mai tsawo, na 1960, ga kamfanin Monogram.

Me ya sa sunan Val Lewton ba ya fita daga bakin masu wannan zance?

Saboda shi ne ya fi kowa nuna abin da za a iya yi da ƙuntatawa. A 1942 RKO ta ɗora shi a kan sashen finafinan ban tsoro da sharuɗɗa uku: kada kasafi ya wuce dala 150,000, kada tsawo ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai ba shi sunan fim, shi kuma ya nemo labarin da zai dace da sunan. Sunayen masu arha ne, irin waɗanda ake sa ran a ga dodo sanye da rigar gashi. Lewton ya karɓi sunayen, ya ƙi kawo dodon.

Na farkonsu, Cat People, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni, labarin wata 'yar ƙasar Sabiya ne da ke zaune a New York, wadda ta yi imani cewa idan kishi ko sha'awa ya motsa ta za ta rikiɗe ta zama baƙar damisa. Fitowar da ta fi shahara ita ce inda abokiyar aikin mijinta take tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata katangar dutse, tana fita daga hasken wannan fitilar titi tana shiga na waccan. Ana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalminta, ana kuma jin na wadda ke bin ta a baya. Can sai takun na baya ya ɗauke. Ta waiga, babu kowa, ta ƙara sauri, shirun ya yi tsawo har mai kallo ya gama shirin ganin damisa. Sai wani huci mai ƙarfi ya keto, ashe birkin motar bas ce da ta tsaya a gabanta. Ba a buƙaci komai a wannan fitowa ba sai fitilu da haƙuri, kuma masu finafinan ban tsoro suna ta kwaikwayonta har yau. Hatta ƙasaitaccen benen da ke gidan jarumar ba don wannan fim aka gina shi ba. Ragowar wani fim ne na Orson Welles na wannan shekara.

The Leopard Man na 1943 bai kai shi daidaito ba, amma yana da minti goma da suka fi komai na Lewton tayar da hankali, inda uwa ta tilasta wa 'yarta fita sayen garin masara da dare, yarinyar ta dawo a guje tana dukan ƙofa, uwar ta ƙi buɗewa da wuri, sai jini ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar. The Seventh Victim ya fi su duka baƙin ciki, labarinsa kuma yana da giɓi, don haka ba shi ya kamata a fara da shi ba. The Body Snatcher na 1945, wanda Robert Wise ya yi, yana ɗauke da wasan da a ganina ya fi kowane wasa da Boris Karloff ya taɓa yi. Lewton ya rasu a 1951 yana da shekara 46.

Fim ɗin Detour na PRC fa, ya kai yadda ake zuzuta shi?

Ya kai, ko da yake duk wani aibi na PRC yana cikinsa. Edgar Ulmer ne ya yi shi a 1945, tsawonsa minti 68. Wani makaɗin fiyano ya tashi daga New York zuwa Los Angeles wurin budurwarsa, ba shi da kuɗin mota, yana tsayawa bakin titi yana roƙon a rage masa hanya. Mutumin da ya ɗauke shi ya mutu a hanya, shi kuma saboda tsoron kada a ce shi ya kashe shi, sai ya ɓoye gawar, ya ɗauki motar da walat ɗin mamacin da sunansa. Daga nan ya rage wa wata mace hanya, ashe ta san mai motar na asali.

Birnin New York a wannan fim hazo ne da allon sunan titi. A wasu wuraren an juya hoton don motoci su fuskanci yamma, sai ga direbobi zaune a ɓangaren da ba nasu ba. Amma da zarar Ann Savage, wadda ta fito a matsayin matar, ta shiga motar, ta yi ɗan barci, ta farka ta juyo ta kafe shi da ido tana tambayarsa inda ya kai mai motar, duk wannan ya daina damun mai kallo. Ba ta yi wani ƙoƙari na a so ta ba. Gashinta a hargitse, muryarta kamar ana kankare ƙarfe, ba ta kuma sassauta masa ko sau ɗaya. Wani abin lura shi ne jarumin ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma duk wanda ya saurara da kyau zai fara shakkar ko ƙaddarar da yake ta ɗora wa laifi ita ce mai laifin. Ulmer ya ce cikin kwana shida ya ɗauke shi, amma masu bincike daga baya sun nuna cewa ya fi haka. A 1992 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa za ta adana.

Waɗanne ne kuma suka cancanci kallo, a taƙaice?

The Narrow Margin na 1952 shi ne wanda zan fara miƙa wa wanda bai taɓa kallon irin waɗannan ba. Ɗan sanda ne ke rakiyar matar wani ƙasurgumin mai laifi da aka kashe, a jirgin ƙasa daga Chicago zuwa Los Angeles don ta ba da shaida, makasa kuma suna cikin jirgin amma ba su san fuskarta ba. Richard Fleischer bai sa kiɗan rakiya ba sam. Ƙarar jirgin ce kiɗan, har akwai inda ya tashi daga kan matar tana goge farce ya faɗa kan ƙafafun jirgin da sauti iri ɗaya. Minti 71 ne, babu ko ɗaya da aka ɓarnatar.

Gun Crazy na 1950 ya fi shi zafi. Joseph H. Lewis ya ɗauki fashin banki gaba ɗaya daga kujerar bayan mota, fiye da minti uku ba tare da yankewa ba, ana jin saurayi da budurwar suna gardamar inda za su ajiye motar, mu kuma ba mu shiga bankin ba ko kaɗan. Dalton Trumbo ne ya rubuta shi a ɓoye, da sunan wani marubucin, domin a lokacin kamfanoni sun haramta ba shi aiki saboda zargin gurguzu. Farkon fim ɗin, inda ake bayanin yarintar jarumin a kotu, yana da ɗan nauyi, sai a yi haƙuri da shi. Fim ɗin Lewis na 1945, My Name Is Julia Ross, ya fi natsuwa: budurwa ta karɓi aikin sakatariya a Landan, ta farka a wani gida a bakin teku kowa yana kiran ta da sunan wata.

Raw Deal na 1948 labarinsa ba sabo ba ne, amma hoton da John Alton ya ɗauka wa Anthony Mann ya isa dalilin kallo, musamman ga mai son koyon yadda ake sarrafa fitila. Stranger on the Third Floor na 1940 ana kallonsa ne saboda mafarkin da ke tsakiyarsa, inda inuwar sandunan kurkuku ta cika bango. Peter Lorre kaɗan ya fito, ƙarshen kuma an yi shi a gaggauce. The Hitch-Hiker na 1953, wanda Ida Lupino ta ba da umarni a zamanin da da ƙyar ake samun mace a wannan kujera, maza uku ne da mota da hamadar Meziko, makashin kuma fatar idonsa ɗaya ba ta rufuwa, don haka waɗanda ya kama ba su taɓa sanin ko barci yake ba.

The Devil Bat na 1940 kuwa ba fim mai kyau ba ne. Bela Lugosi yana girmar da jemagu da wutar lantarki, yana raba wa maƙiyansa turaren shafawa bayan aski wanda ƙamshinsa ke jawo jemagun. Jemagen a fili yake cewa a kan waya ake jan sa. Abin kallo kawai shi ne yadda Lugosi ya riƙi aikin da muhimmanci, bai raina shi ba.

Ina matsayin finafinan kaboyi?

Su ne suka fi kowane rukuni yawa, kuma su ne suka fi kama da juna. Bayan babban fim ɗinsa na 1930 ya faɗi a kasuwa, John Wayne ya shafe kusan shekara tara yana irin waɗannan, har da wanda aka sa shi waƙa da muryar wani, kafin John Ford ya ɗauko shi a Stagecoach a 1939. Finafinansa na Monogram ba su da wani labari, amma a cikinsu ne shi da Yakima Canutt, gwanin wasannin kasada, suka gyara yadda ake nuna naushi, wato a kai duka ta gefen fuska, kyamara kuma ta tsaya inda zai zama kamar ya sauka. Gene Autry da Roy Rogers na Republic kaboyi ne mawaƙa, kuma wanda waƙar ba ta burge shi ba zai gaji da wuri. Abin da ya rage da daraja a cikinsu duka shi ne sukuwa da tsalle daga doki zuwa keken doki, waɗanda mutane ne na gaske suka yi su.

Irin waɗannan finafinai sun yi tafiya mai nisa. An kalli finafinan Amurka a sinimomin Afirka ta Yamma tun zamanin mulkin mallaka, ciki har da Kano inda aka buɗe Rex a 1937, kafin finafinan Indiya su karɓe kasuwa. A Nijar ma, Moustapha Alassane ya yi wani fim a 1966 a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu.

Jerin finafinai masu jarumi ɗaya fa?

Su ne suka yi aikin da shirye-shiryen talabijin masu dogon zango suke yi a yau. Columbia ta yi Blondie guda 28, Bowery Boys kuma sun kai 48 tsakanin 1946 da 1958, kuma wanda ya ga biyu ya ga saura. Mafi inganci su ne Sherlock Holmes guda 12 da Universal ta yi da Basil Rathbone da Nigel Bruce daga 1942 zuwa 1946. Na farko-farkon, inda aka ɗauko Holmes aka haɗa shi da 'yan leƙen asirin Jamus, su ne masu rauni. The Scarlet Claw na 1944, mai fadama da hazo a wani ƙauyen Kanada, shi ne gwaninsu.

Yaya suke nuna Afirka da baƙar fata?

Galibi da muni, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Jungle Jim na Columbia, guda 16, da Bomba na Monogram, guda 12, duk a Kalifoniya aka ɗauke su, an cika su da tsofaffin hotunan namun daji, har akan ga giwar Asiya mai ƙananan kunnuwa a dajin da aka ce na Afirka ne. Mutanen ƙasa a cikinsu 'yan dako ne ko masu gudu da ihu, ba su da gari mai suna, ba su da harshe na gaske. Ba na ba da shawarar ko ɗaya daga cikinsu, sai ga mai nazarin yadda aka gina wannan mummunan hoto. Charlie Chan ma, jami'in binciken da aka ce ɗan asalin ƙasar Sin ne, Turawa ne suka fito a matsayinsa, Warner Oland ɗan asalin Suwidin, sannan Sidney Toler.

Mantan Moreland, ɗan wasan barkwanci baƙar fata, lamarinsa ya fi wuyar yanke hukunci. Kullum bawa ko direba matsoraci ake ba shi, wanda wulaƙanci ne, amma a King of the Zombies na 1941 shi ne kaɗai mai rai a fim ɗin, kuma shi ne ya fara gane abin da ke faruwa alhali iyayen gidansa suna ta shirme. A gefe guda akwai finafinan da aka yi domin sinimomin baƙar fata, irin na Oscar Micheaux da na kaboyi da Herb Jeffries ya fito a ciki a ƙarshen shekarun 1930, waɗanda talaucinsu ya fi na PRC. Wanda ya fita daban shi ne I Walked with a Zombie na Lewton, na 1943, wanda duk da sunansa ya fito fili ya ce baƙin cikin tsibirin da labarin ke gudana a kai daga cinikin bayi ya samo asali.

Akwai tsiraici ko zubar da jini a cikinsu?

Kusan babu. Daga 1934 aka fara tilasta dokar tace finafinai ta masana'antar, ƙarƙashin Joseph Breen, wadda ta hana tsiraici da ashar, ta kuma wajabta cewa mai laifi ya gamu da hukunci kafin a tashi. Shi ya sa wasu ƙarshen suke zuwa kamar an liƙa su, irin motar 'yan sandan da ke tsayawa a ƙarshen Detour. Duk da haka na ban tsoro da na 'yan fashi ba na ƙananan yara ba ne, domin abin da ba a nuna ba yakan fi tsayawa a rai.

Me ya kawo ƙarshensu?

Abu biyu ne suka haɗu. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran kamfanoni, wanda ya hana sayar da finafinai a dunƙule, ya kuma kai ga raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. Da kowane fim ya zama sai ya sayar da kansa, ƙaramin fim ya rasa tabbatacciyar kasuwarsa. Sannan talabijin ta shigo gidaje tana ba da kaboyi da jami'an bincike kyauta. William Boyd, wanda ya sayi haƙƙin tsofaffin finafinansa na Hopalong Cassidy, ya kai su talabijin ya yi arziki da su, Autry da Rogers kuma suka bi sahu a farkon shekarun 1950. PRC ya narke cikin Eagle-Lion a 1947, Monogram ya koma Allied Artists a 1953 yana neman yin manyan finafinai, RKO ta daina shirya fim a 1957, Republic ma bai daɗe ba ya bi ta. Ma'aikatan ba su ɓace ba, talabijin suka koma, inda saurin da suka saba da shi ya zama abin nema: Beaudine ya yi Lassie, Lewis ya yi The Rifleman. Finafinai masu arha da Roger Corman da irinsa suka yi daga baya domin matasa, wata kasuwa ce daban.

A ina ake samunsu yanzu, kuma me ya kamata a lura da shi?

A tsohuwar dokar Amurka haƙƙin mallaka yana ƙarewa bayan shekara 28 idan ba a sabunta shi ba, kuma kamfanonin da suka mutu ba su bar wanda zai sabunta ba. Saboda haka Detour da The Hitch-Hiker da The Devil Bat da yawancin finafinan John Wayne na Monogram suna nan kyauta a Internet Archive da YouTube. Na Lewton da The Narrow Margin kuwa har yanzu suna da masu su, sai an saya ko an yi haya.

Abin lura shi ne ingancin kwafin. Da yawa daga waɗanda ke yawo a intanet an kwafo su ne daga kaset da aka kwafo daga wani kaset, hoton ya dushe, baƙin ya koma toka-toka, sautin yana shuu. Fim ɗin da duk ƙarfinsa a duhu da haske yake ba ya jure wannan, kuma mutane da dama sun yanke wa Detour hukunci a kan irin wannan kwafi kafin a sabunta shi a 2018. Idan akwai kwafi biyu, a duba fitowar dare a kowanne, a ɗauki wanda baƙinsa ya fi zurfi kuma ana iya ganin fuskoki. A kuma guji waɗanda aka shafa wa kala da kwamfuta ko aka miƙe hotonsu don ya cika faɗin allon waya, domin kusan dukan waɗannan finafinai an ɗauke su ne a kan hoto mai kusan murabba'i.